"Gida biyu maganin gobara": ƙanwata ta faɗe ta daidai?

Uwar Biyu: Salamu alaikum jama'a. Jiya an kai ruwa rana a gidan ƙanwata. Mijinta ya gano tana zubin adashi, dubu biyar duk sati, wata takwas bai sani ba. Shi yana so in ta kwasa a haɗa a cike kuɗin fili, ita kuma keken ɗinki take so. Da ya matsa sai ta ce masa "gida biyu maganin gobara". Ya ce fatan tsiya take yi masa. Wallahi abin ya hana ni barci, aurensu nake jiye wa.

Na Kantin Kwari: Hajiya, ai wannan maganar tamu ce, ranar ƙarin aure ake fito da ita. Yaushe kuka ƙwace mana?

'Yar Maraɗi: Alhaji, fara cika rumbun gida ɗaya tukuna.

Malamin Islamiyya: Dukiyar mace tata ce. Ko sadaki, aya ta 4 a Suratun Nisa'i ta ce a ba su da daɗin rai, ci da sutura da muhalli kuwa suna wuyan miji. Ba shi da ikon karɓa sai ta yarda. Amma ina ganin ɓoyon ne ya yi masa ciwo, kuma ambaton gobara yana da nauyi a kunnen magidanci.

Jikar Inna: Allah gafarta Malam, bari in ba ku labarin kakata, Allah ya jiƙanta. A wajen Gumel suke. Ƙuli-ƙuli take yi, ribar da ta taru sai ta sayi 'yar akuya ta aika wa yayanta kiwo a ƙauyensu. Awaki biyu kawai kakanmu ya san da su. Da aka yi fari a 1973, gero ya bushe tun bai fid da kai ba, rumbu ya koma wayam, har ya fara ɗaura kayan tafiya Kano neman abin kai wa baki. Sai ta ce ya dakata, ta aika aka koro awaki tara. A wulaƙance aka sayar, don kowa dabba yake kaiwa kasuwa, amma dawar da aka auno ita ta riƙe gidan. Kwana uku bai yi mata magana ba, tuwon kuma yana ci. Ran na huɗu ta ce: "Malam, ba don in gudu na ɓoye ba, hannunka na sani, ba ka iya hana mai roƙo." Daga ranar bai ƙara sayar da ko tiya ɗaya ba sai ya shiga ɗakinta sun yi shawara.

Na Kantin Kwari: Allah sarki. To amma Inna gidan ta rufa wa asiri, ba keke ta saya ba.

'Yar Maraɗi: Keken in ya yi ɗinkin sallah, wa zai ci kuɗin?

Ɗan Sahu: Ku bar matan nan. Masu gida biyu na gaskiya su ne manyanmu: ƙafa ɗaya a jam'iyya mai mulki, ɗaya a adawa, gida a Abuja, gida a Dubai. Gobarar kuma mu take ci.

Jikar Inna: Lokacin canjin kuɗi na 2023 ma su sababbin takardu suka riƙa samu, mu muna kwana a layin banki.

Uwar Biyu: Jama'a kun tafi siyasa. Ranar Juma'a kwasarta ce. In je in sami mijin, ko in bari Baba ya kira su?