Ina ake samun alƙaluman shara, kuma yaya za a fitar da su jama'a su gane?

Mai_Tambaya:
Assalamu alaikum. Ƙungiyar unguwa ce a Kano ke son sanin tan nawa na shara ake kwashewa a wata, da nawa ake sake sarrafawa, don a liƙa a allon sanarwa a kuma karanta a rediyo. Daga ina za a fara?

Ɗan_Sikeli:
Wa alaikumus salam. Malam, fara da raba abu uku: sharar da gidaje suka fitar, wadda aka kwashe, da wadda aka sake sarrafawa. Yawancin ruɗanin daga cakuɗa su yake.

Idan an ba ku lamba, ku tambaya: awo aka yi ko ƙirgen sawu? Juji mai sikelin mota ana auna tifa da kaya, a sake auna ta ba kaya, a cire. Inda babu sikeli sawun mota ake ƙirgawa a ninka da ƙiyasin nauyin mota ɗaya, kuma nan ɓarnar take. Tifar da ta zo rabi ana rubuta ta cikakka. Da damina shara ta sha ruwa ta yi nauyi, ga yashin sharar tsakar gida da toka, sai a ga kamar an ƙara ƙoƙari alhali ruwa aka auna.

Mai_Takarda:
A hukumomin tarayya irin su hukumar kula da dokokin muhalli ta NESREA da hukumar ƙididdiga ta NBS, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba su kwana 7 su amsa buƙata a rubuce. A Kano kuwa REMASAB ce ke da kwasar shara, ita za ku rubuta wa. Ku fayyace: wata-wata, juji-juji, a fayil ɗin Excel ko CSV. PDF ba ya lissafuwa sai an sake bugawa da hannu. A Ingila ƙananan hukumomi na shigar da alƙaluman shararsu a shafin intanet na gwamnati mai suna WasteDataFlow duk bayan wata uku, shi ya sa ake iya kwatanta gari da gari.

Hajiyar_Lissafi:
Kada ku ɗauki kilo 0.46 na kowane mutum a rana, wanda rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ba ƙasashen Afirka kudu da Sahara, ku ninka da yawan mutanen unguwa ku ce na ku ne. Matsakaici ne na yanki guda.

Ku auna da kanku bisa tsarin UN-Habitat, hukumar matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya: gida 90, talatin-talatin daga masu hali, matsakaita da masu ƙaramin ƙarfi, kwana 8. Ta ranar farko a zubar ba a auna ba, domin mutane kan haɗo da tsohuwar shara.

Sake sarrafawa kuma, 'yan jari-bola sun tsince ƙarfe, gwangwani da robar ruwa tun kafin mota ta iso. Ku je wurin dillalan da ke saye a kilo ku nemi abin da littafinsu ya nuna, in ba haka ba lambarku za ta fito kusan sifili.