Wai fuwar (baje koli) da tarukan 'yan kasuwa na Yawunde, me ƙasa ke samu, mu na arewa kuma me muke samu?

Ɗan_Marwa:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masu sani ku taimaka. Ni da babana aikin fata muke yi a Marwa, takalma da jakunkuna da sauransu. Ƙungiyarmu ta masu sana'a ta ce mu haɗa kuɗi mu kama rumfa guda a PROMOTE, wannan babban baje kolin da ake yi a Palais des Congrès na Yawunde tun 2002. Baba ya ce shi bai ga amfani ba, ka biya mota har Ngaundere, ka kwana cikin jirgin ƙasa, ga masauki ga abinci, kuma a cewarsa manya ne kawai ke sa kwat su yi jawabi su watse. Ni kam raina yana so. To da gaske irin waɗannan taruka suna ƙara wa ƙasa arziki, ko Baba ne ke da gaskiya?

Na_Bakin_Binuwai:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni a wani otel nake aiki nan Garwa, bari in faɗa maka abin da idona ya gani. Lokacin CAN, gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka, a watan Janairun 2022 da Najeriya ta buga wasanninta a filin Rumde Ajiya, na san ƙwallo ne ba taron kasuwanci ba amma yadda kuɗi ke yawo iri ɗaya ne, mutane suka yi ta kwararowa ta Yola, ɗakunanmu suka cika maƙil har muna tura baƙi gidajen mutane, mai gasa kifi a ƙofarmu da kan kai ƙarfe goma bai sayar da rabi ba sai ga shi kafin isha'i ya wanke tire ya tafi gida, masu moto ba hutu, mai wanki ya ɗauki yara biyu. Baƙo da kuɗinsa yake zuwa daga waje ya bar su nan, gwamnati kuma tana cire harajin TVA 19.25% a kan kuɗin ɗaki da abincin otel. Sai dai bayan an tashi, garin ya koma yadda yake.

Alhaji_Mai_Albasa:
Yaro, kada ka raina maganar mahaifinka. Kuɗin taro inda aka zauna nan suke zuba. In an yi a Yawunde, otel na Yawunde ne, taksi na Yawunde ne, kai naka ma ka kwashe daga Marwa ka kai musu. Ina saurayi aka yi Komis, wato baje kolin ƙasa na noma da kiwo, a Marwa a 1988, na ga shanu da dawa da mutanen kudu suna yawo cikin kasuwarmu suna ciniki, daga nan ba a sake yin na ƙasa ba sai 2011, shi ma a Ebolowa. Shekara 23 kenan. Kuma ko ka samu mai saye a wurin taron, da wace hanya za ka kai masa kaya? Kamiyona ya taɓa kwana huɗu tsakanin Mora da Dabanga da damina, da muka isa Kusiri buhunan albasan da ke ƙasa duk sun yi ruwa, wari har bakin titi. A gyara mana hanya tukuna, ita ce ta fi damuna.

Hajiya_Injamena:
Alhaji Allah ya ƙara girma, maganar hanya kam ba musu, mu da kayanmu ke zuwa daga tashar ruwan Duwala su tsallako gadar Ngeli mun san azabarta. Amma ɗana saurara. Ni turaren wuta da humra nake yi, na taɓa zuwa SIAO na Wagadugu, baje kolin masu sana'ar hannu. Abin da na sayar a rumfa bai ma mayar da kuɗin tafiya ba, na dawo ina ta jin haushi, maigida yana cewa ai na gaya miki. Wata biyu bayan haka wata mata mai shago a Abijan da ta karɓi lambata ta kira ni a WhatsApp, yau shekaru kenan ina aika mata kaya, har na ɗauki 'yan mata uku aiki. To ka ga wannan ribar ba wanda ya ƙirga ta ranar da aka rufe taro, kuma Chadi kuɗin ke shigowa.

In za ku je kada ku je hannu rabbana. Ku buga kati mai lambar waya, ku rubuta farashin sari da na ɗai-ɗai, wanda ke jin Faransanci da ɗan Turanci shi zai tsaya a rumfa. Abin da ya fi duka, in mutum ya ce yana son takalmi ɗari biyu iri ɗaya cikin wata guda, za ku iya? Da yawanmu nan muke faɗuwa. Sannan fatar da ba ta jemu da kyau ba tana wari in ta kwana cikin akwati, ga damshin kudu, mai saye yana buɗewa zai ajiye.

Malam_Ngaundere:
Duk abin da aka faɗa haka yake, sai dai ƙasa tana samu ne in ta tsara abin. Ku dubi Ruwanda, ba ta da teku kamar Chadi, ta buɗe zauren taro na Kigali a 2016, ta sauƙaƙa biza a filin jirgi, a can aka sa hannu kan yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka a 2018, a can aka yi taron Commonwealth a 2022. Mai zuwa taro ya fi ɗan yawon buɗe ido kashe kuɗi a rana don yawanci kamfani ko gwamnati ke biya masa. Amma in an ci bashi an gina zaure ya zauna ba kowa, asara ce a wuyan talaka. Garwa na da filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa, ga kamfanin auduga na Sodecoton, ga otel-otel da aka gyara don CAN, Najeriya da Chadi duk kusa, ni ban ga dalilin da zai hana a riƙa yin babban taron auduga da fata da dabbobi a Garwa duk shekara ba. Ya kamata 'yan kasuwarmu su matsa a kan haka.

Ɗan_Marwa:
Na gode ƙwarai iyayena. Na karanta wa Baba duka bayan magariba, ya yi shiru, sannan ya ce maganar ɗari biyun nan mu kaɗai ba za mu iya ba sai mun haɗu da su kawu. Ya yarda mutum ɗaya ya je da samfur. Hajiya don Allah katin nan da wane harshe ya kamata a rubuta, kuma guda nawa kika buga lokacin da kika je?