Kwanon Ƙyale-su

Masta Fita, Suame Magazin

Assalamu alaikum. Kwana tara ke nan ina rubutawa ina gogewa. Karen da ke gadin garejinmu a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, ya mutu daren Talata. Na kasa faɗa wa kowa a masallaci, to ga shi a waƙa. Mai dariya ya yi abinsa.

Da sunan Allah nake farawa,
Shi ke rayawa, Shi ke kashewa.

Na zo da magana mai nauyin baki,
Dattijo da gemu yana kokawa.

A 2012 na tsince shi,
Shekarar da shugaba Atta Mills ya yi rasuwa.

Cikin tsohuwar taya bayan gareji,
Ruwa na dukansa, yana karkarwa.

Na ce wa yara ku ba shi ƙanzo,
Gobe ku kore shi, ba ya daɗewa.

Maƙwabta suka ce, Musulmi da kare?
Na sa masa Ƙyale-su don amsawa.

Shekara 13 yana bakin ƙofa,
Ko sufana ba a taɓa sacewa.

Zamanin dumso, ba lantarki, duhu ya rufe Suame,
Ɓarayin batir suna ta zagawa.

Layinmu kaf sai da aka shiga,
Mu kam haushinsa ne ke karewa.

Sai furfura ta fito a bakinsa,
Ido ya yi fari, yana dushewa.

In na kira shi ba ya ji na,
Sai na buga ƙafa yake juyowa.

Ƙafar baya ta ƙi ɗaukar sa,
Ni ke tallafar sa wajen miƙewa.

Talata da asuba na buɗe ƙofa,
Babu wutsiyar da ke kaɗawa.

Yana ƙarƙashin tsohuwar Benz ɗin,
Jiki ya yi sanyi, ba motsawa.

Har yau in na sayi koko da ƙosai,
Sai in gutsura biyu, ina mancewa.

Kwanonsa na nan, na kasa ɗauka,
Ku gaya mini, hauka nake somawa?

Ɗan Asawase

Kawu, sannu. Amma ka san halina, sai na taɓa ka kaɗan.

Kawu, to yaushe ne sadakar uku?
In zo da kujeru da masu dafawa.

A Kumasi ba a wasa da makoki,
Mu ɗaura ja da baƙi irin na Tonawa.

Mu buga fosta da hoton mamaci,
Ranar Asabar a yi ta cashewa.

Kare ne fa, Kawu, ba ɗan'uwa ba,
Karen bana na nan, sai ɗaukowa.

Sabo da kaza ba ya hana yanka,
Haka muka ji tsofaffi na cewa.

Hajiya Ta-Aboabo

Kai yaron nan, tun kana goye bakinka ya fi ƙafarka sauri. Zo nan.

Ɗana na Asawase, rage gaggawa,
Karin magana ɗaya ke bakinka.

Tsofaffin da suka ce sabo da kaza,
Su suka ce sabo ake wa kuka.

Dare nawa ka kwana a Magazin?
Batir nawa ka tsare wa kawunka?

Shi shekara 13 ba albashi,
Kai ko aike sai an biya ka.

Masta, ƙanena, bar jin kunya,
Ba hauka ba ne, kewa ce ta kama ka.

Ni kyanwata ta mutu tun bara,
Kan kifi nake warewa, in ce me ya sa haka?

Malam na Alabar

Wa alaikumus salam, Masta. Na ga tambaya biyu a waƙarka, ɗaya ka faɗa, ɗaya ka ɓoye. Zan amsa duka.

Masta, amsarka tana littafi,
Ba ra'ayina ba ne, ba tatsuniya.

Wani matafiyi ƙishi ya kama shi,
Ya sauka ya sha a cikin rijiya.

Ya fito ya ga kare na lasar ƙasa,
Ya ce ƙishina da nasa ɗaya.

Ya koma ya cika huffinsa da ruwa,
Ya kama da haƙori ya hauro da wuya.

Allah Ya gode masa, Ya gafarta,
Bukhari da Muslim sun kawo riwaya.

Sahabbai suka ce, har dabba da lada?
Aka ce duk mai ɗanyar hanta, ba wariya.

Buɗe Suratul Kahfi, aya ta 18,
Karensu a bakin kogo bai juya baya.

Batun kuka kuwa, ga ƙanin Anas,
Tsuntsunsa ya mutu, abin ya taɓa zuciya.

Manzon Allah, tsira da aminci gare shi,
Ya tsaya kan yaron yana tambaya:

Abu Umairu, me ɗan tsuntsun ya yi?
Da rarrashi, ba gori, ba dariya.

Sai dai sallar gawa da sadakar uku
Na 'yan Adam ne, Ɗan Asawase ka jiya.

Su kuma maƙwabtan da suka sa ka raɗa wa kare suna da habaici: hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da yawa suka haɗa da na gadi saboda buƙata. Mai Risalar da muke karantawa a zaure, Ibnu Abi Zaid, an ruwaito katangar gidansa ta faɗi, ya ajiye kare. Da aka tuna masa Imam Malik ba ya son haka, sai ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. Shi kuwa bai ma ga Suame a lokacin dumso ba.

Masta Fita, Suame Magazin

Malam, Allah Ya ƙara ilimi. Amma akwai ta uku.

Malam, ka sauke rabin kaya,
Rabin da ya saura yana cin raina.

Da na ga ƙafarsa tana ba shi wuya,
Na tuna da ciwon da ke bayana.

Diclofenac ɗin da nake sha kullum,
Na ɓoye a nama da hannuna.

Kwana biyu ya tashi har da gudu,
Na ce wa yara, kun ga aikina?

Mako bai cika ba ya soma amai,
Kashi baƙi wuluk a gabana.

Na kai shi likita, an ɗaura ruwa,
Ya ƙara wata biyar a wurina.

Tsufa ne ya ɗauke shi ko kuwa ni ne?
Tambayar da ta ƙwace barcina.

Ɗalibar Tek

Baba Masta, ina karatun likitan dabbobi a KNUST, jami'ar Kumasi da muke kira Tek, ban gama ba, kuma ban taɓa ganin Ƙyale-su ba. Abin da aka koya mana kawai zan faɗa. A yi mini afuwa in baitin ya yi ɗingishi, hannuna ya fi sabawa da sirinji.

Baba, ba zan yi maka ƙarya ba,
Ƙwayar nan ta cutar da shi.

Diclofenac da ibuprofen namu ne,
Kare, ciki da ƙoda suke ci mishi.

Baƙin kashin nan jini ne, Baba,
Gyambon ciki ne ya zubar da shi.

Paracetamol ma sai da likita,
Kyanwa kuwa guba ne, kar a ba ta shi.

Amma ka ruga, aka ɗaura ruwa,
Wata biyar ɗin nan kai ka nemo mishi.

Babban kare daga shekara 7
Tsufa ke fara sallama da shi.

Da yawa tsakanin 10 da 13
Suke tafiya, naka ya ci lokacinshi.

Masu tsohon kare, ga nawa guzuri:
Siminti da sanyi, a sa buhu ƙarƙashinshi.

Haƙori ya tafi, a jiƙa abinci,
Dafaffen ƙashi na tsagewa, a hana shi.

Ragowar miya mai albasa da yawa
Jini take ɓatawa, kar a juye mishi.

In ya yawaita shan ruwa da fitsari,
Ƙoda ko sukari, a je a gwada shi.

In ya ɓata wurin da bai saba ba,
Ba rashin kunya ba ne, kar a doke shi.

Ido ya mutu, hanci na aiki,
Kwanonsa a bar shi inda ya san shi.

Kaska a cire, allurar haukan kare
Duk shekara ce, ko ya tsufa a yi mishi.

Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da cutar haukan kare ta duniya, lokacin ma'aikatan lafiyar dabbobi kan fito yin allura. A riƙa sauraro. Gareji kuma a kula da ruwan lagireto mai launi, yana da zaƙi a bakin kare, kaɗan ya lasa sai ƙoda ta tsaya.

Anti Ta-Sawaba

Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Yau dole.

Ni tawa karya ce, ta marigayi maigida,
Ya bar mini ita, bai bar mini gona ba.

Shekararta 12, da dare take yawo,
Ta tsaya a lungu, ba ta san mafita ba.

Maigida direban trotro ne, Kejetia zuwa Tafo,
Ita ke tarbo shi, ba ta taɓa fashi ba.

Har yau in mota ta tsaya sai ta ɗaga kai,
Ba wanda ya gaya mata ba zai dawo ba.

Kwana uku ke nan ko romo ta ƙi,
Likita ya ce ba za ta tashi ba.

Ya ce akwai allurar da ke hutarwa,
Na ce ya dakata, ban shirya ba.

Malam, in na yarda na ci amana?
In na ƙi kuma, ban zalunce ta ba?

Malam na Alabar

Allah Ya jiƙan maigida, Ya sa ya huta.

Malikawa sun ce dabbar da ba a ci,
In an fid da rai, hutar da ita bai haramta ba.

Likita ya yi, ke ki zauna kusa,
Ba cin amana ba ne, kuma ba dole ba.

Ɗalibar Tek

Anti, ba ni da baiti a nan. Ki duba abu uku yau da gobe: tana shan ruwa da kanta? Tana iya juyawa ko sai an juya ta? Tana nishi ko kuka in an taɓa ta? Ki faɗa wa likitan abin da kika gani, ki tambaye shi ko akwai maganin zafi na karnuka da zai ba ta kafin ki yanke. Allurar kuwa maganin barci ne mai ƙarfi, barci take fara yi, kuma ana barin mai ita ya dafa kanta.

Ɗan Asawase

Hajiya, na durƙusa. Kawu, a yafe.

Kawu, na janye, Hajiya ta gama da ni,
Bakina ne ya riga ni isowa.

Ragon layyar da na yi kiwo bara,
Ranar yanka ban iya tsayawa.

Na ce musu hayaƙi ne ya shige ido,
Naman ma ban iya taɓawa.

Karyar abokina ta haifi biyar,
In ka ce in zo, ɗaya nake kawowa.

Hajiya Ta-Aboabo

Ashe kai ne mai hayaƙin nan. Uwarka ta ba ni labari tun ranar yawon Sallah, na yi shiru.

Masta Fita, Suame Magazin

'Yata ta Tek, kin faɗi gaskiya,
Ta yi ɗaci, amma jiya na samu runtsawa.

Ɗan Asawase, ɗan kwikwiyon nan
A bar shi ya sha nono, ba yanzu nake karɓowa.

Anti, katifar kujerar Benz ɗin
Da Ƙyale-su ya saba kwantawa,

Yarona zai kawo miki Sawaba
Gobe da la'asar in muna rufewa.

In kin yanke shawara ki kira ni,
Motar gareji ce za ta yi kaiwa.

Diga da shebur yarana sun iya,
Su suka haƙa wancan na gindin kwakwa.

Kwanon kuwa, na ɗauka da safe,
Na wanke, na mayar, ban iya bayarwa.