Yaya ake gane shekarun dunƙulen taurari?

Ɗalibar kimiyya:
Assalamu alaikum. Malamai, na karanta cewa dunƙulen taurari irin su M92 sun kai kimanin shekara biliyan 13, alhali sararin samaniya gaba ɗaya shekararsa biliyan 13.8 ce. Da wane ma'auni ake gane haka, tunda babu wanda ya shaida haihuwarsu?

Malamin fiziks:
Wa alaikumus salam. Taurarin dunƙule ɗaya, waɗanda kan kai dubu ɗaruruwa, kusan lokaci guda aka haife su, amma nauyinsu ya bambanta. Tauraro mai nauyi yana ƙone haidurojin ɗinsa da sauri, kamar karan dawa a murhu, mai nauyin Rana kuwa yakan yi kimanin shekara biliyan 10 kafin nasa ya ƙare, sannan ya kumbura ya yi ja. Masana falaki suna jera taurarin bisa haske da launi, su nemo mafi nauyi a cikin waɗanda har yanzu ke ƙona haidurojin a tsakiyarsu. Tsawon rayuwar irin wannan tauraro shi ne shekarun dunƙulen.

Mai bibiyar falaki:
Malam ya yi bayani, sai dai a ganina raunin hanyar yana wajen auna nisa, domin idan aka ɗauka dunƙule ya fi kusa, za a raina haskensa na ainihi, a ƙara masa shekaru. Haka ta faru a farkon shekarun 1990, lokacin da lissafi ya nuna wasu dunƙulen sun girmi sararin samaniyar kanta. Awon tauraron ɗan'adam na Hipparcos da aka fitar a 1997 ya rage musu shekaru, gano cewa faɗaɗar sararin tana ƙara sauri a 1998 kuma ya ƙara wa sararin shekaru.

Ɗalibar kimiyya:
Na gode. To mene ne alaƙar wannan da da'irar tsofaffin taurari da ke kewaye da galaksinmu, wato babban tarin taurarin da Ranarmu ke ciki?

Malamin fiziks:
A 1962 masana falaki Eggen da Lynden-Bell da Sandage sun ce gajimaren iskar gas guda ne ya ruguzo cikin hanzari ya samar da da'irar, kuma da haka ne, da dunƙulen da'irar duk sun zama tsaran juna. A 1978 Searle da Zinn suka ce a hankali aka tara ta daga ƙananan galaksi. Da aka auna, sai aka tarar wasu dunƙulen sun girmi wasu da biliyoyin shekaru, kuma a 2018 bayanan na'urar Gaia suka nuna ragowar wata galaksi da tamu ta haɗiye kimanin shekara biliyan 10 da suka wuce, tare da dunƙulenta.