Neman shawara: In sabunta tikitin kaka yanzu, ko in jira a ga inda ƙungiyarmu za ta kwana?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar shiga filin ƙwallo a nan Ingila, musamman masu riƙe da tikitin kaka, wato tikitin da ke shigar da mutum duk wasannin gida na kakar wasa guda.

Ni da ɗana muna da kujeru biyu a filin wata ƙungiya ta Firimiya. Ba zan kama suna ba, kar maganar ta koma zolaya. Shekaru ke nan ina sabuntawa ba tare da dogon tunani ba, amma bana abin ya tsaya min a rai. Saƙon sabuntawa ya shigo tun cikin Maris, da farashi biyu a jere: na wanda ya biya kafin ƙarshen Afrilu, da na wanda ya makara. Can ƙasa kuma, da ƙananan rubutu, wai duk wanda bai sabunta ba zuwa farkon Mayu za a ba masu jira kujerarsa. To mu muna ƙasan teburi, maki kaɗan ne tsakaninmu da ukun ƙarshe da ake saukarwa daga gasar, gasar kuma ba za ta ƙare ba sai ƙarshen Mayu. Ke nan so ake in biya kuɗin baɗi alhali ban san ko Arsenal da Liverpool ne za su zo mana ba, ko Championship, gasar da ke ƙasa da Firimiya, za mu koma. Na karanta saƙon daga sama har ƙasa, babu inda aka ce za a rage ko sisi idan mun faɗa.

Ga shi an ƙara kuɗi, yaron kuma ya tsallake shekarun tikitin yara, nasa ma ya tashi. Aikina na karɓa-karɓa ne, wasanni da dama sun wuce ni bana saboda an ɗage su zuwa daren Litinin ko yammacin Lahadi. Maiɗakina ta ce kuɗin nan da na hutun yara duk asusu ɗaya suke fitowa, kuma gaskiya ta faɗa. In biya yanzu? In karɓi tsarin biya wata-wata? Ko in haƙura da kujerar in riƙa sayen tikitin wasan da nake so kawai?

Tsohon ɗan kallo:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka biya. Ni na saki tawa a wata shekara da muka faɗa, ina cewa idan mun dawo sai in karɓa. Mun dawo, kujera ba ta dawo ba. Mutanen da ka saba zama da su, wanda ke gabanka mai zagin alƙalin wasa tun kafin a busa, da dattijuwar da ke miƙo wa yaronka alawa, ba a sayar da su a tikitin wasa ɗaya. Kuma kar ka raina Championship, ƙwallo ake bugawa ta gaske.

Mai lissafi:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma a bar mutumin nan ya ɗauki biro tukuna.

Malam, abin da ake so ka yi shi ne cinikin biri a sama, kuma da gangan aka tsara shi haka. Ƙungiya ta fi ka sanin cewa za ta iya faɗuwa. Idan ta bari sai Yuni, wasu za su ga sakamako su janye. Idan ta karɓi kuɗin a Afrilu, ta samu abin kashewa a bazara lokacin da babu wasa kuma babu kuɗin ƙofa, asarar faɗuwa kuma an raba ta da kai. Rangwamen biya da wuri ladan ɗaukar wannan kasadar ne.

Sai dai ni a ganina ba teburi ne ya kamata ya yanke maka hukunci ba. Yawan wasannin da kake zuwa ne. A Firimiya ƙungiyoyi 20 ne, wasannin gida 19. A Championship ƙungiyoyi 24 ne, wasannin gida 23. Mu ƙaddara tikitinka fam 600 ne, misali kawai. Idan ka je duka 19, kowane wasa ya tashi maka kusan fam 32. Idan sau 12 kawai ka je, fam 50 ke nan kowane wasa. Idan kun faɗa ka je duka 23, ya sauko wajen fam 26. Ka ga faɗuwar ba ita ce ke cinye maka kuɗi ba, kujerar da ke kwana babu kowa a kanta ce. Ka buɗe manhajar ƙungiyar, tarihin shigarka filin yana nan, ka ƙirga na bana da na bara da gaske, ba da ƙiyasin zuciya ba. Sannan ka duba nawa ake sayar wa mambobi tikitin wasa ɗaya, ka haɗa da kuɗin zama mamba na shekara, don yawancin manyan ƙungiyoyi ba sa sayar wa wanda ba mamba ba. Ka tuna kuma manyan wasanni farashinsu daban ne, su ne kuma masu wuyar samu.

Abu na ƙarshe, ka duba ko wasannin kofi suna cikin tikitin. A wurare da yawa ba sa ciki, sai dai a sa ka a tsarin da za a riƙa cire maka kuɗin Kofin FA da na Carabao kai tsaye duk lokacin da wasa ya faɗo gida. Mutane suna danna amincewa ba su lura ba, sai a watan Janairu su ga an zare kuɗi.

Maman samari:

Yaya, maganar ɗage wasanni da ka yi, kar ka sa ran za ta gyaru. Tun kakar 2025/26 aka shiga sabuwar yarjejeniyar talabijin ta shekara 4, ta fam biliyan 6.7. Sky na nuna aƙalla wasanni 215, TNT na nuna 52, cikin 380. A Ingila kuwa ba a nuna wasan ƙarfe 3 na ranar Asabar kai tsaye, don haka duk wasan da talabijin ta zaɓa sai an matsar da shi daga wannan lokacin. Jadawalin da ke fitowa a tsakiyar Yuni sunan jadawali kawai gare shi, ana sanar da ainihin rana da lokaci ne makonni kafin wasa. Ga mai aikin karɓa-karɓa wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Championship kuma wasannin daren Talata da Laraba sun fi yawa. Yaro ya dawo gida ƙarfe 11 na dare, gobe makaranta.

Ka tambayi yaron ma. Nawa babban, da ya kai shekarun nan, ashe ya fi son ya tafi da abokansa can bayan raga inda ake waƙa, kunya ce ta hana shi faɗa. Ina ta biya masa kujera kusa da ni yana zuwa don kar in ji haushi.

Ɗan kasuwa:

Ni ban ga abin wahala ba. Ka sabunta, duk wasan da ba za ka je ba ka sa tikitin a Facebook, ranar da manyan ƙungiyoyi suka zo ka ninka kuɗin. Wasa uku ko huɗu sun mayar maka da rabin kuɗinka.

Mai lissafi:

A'a, ɗan'uwa, kar ka jefa shi a rami. A Ingila laifi ne mutum ya sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin ƙungiya ba, yana cikin dokar 1994, sashe na 166. Ko ba a kai ga 'yan sanda ba, yanzu tikiti a waya yake, ƙungiya tana ganin wanda ya shiga da shi, kuma ana ƙwace tikitin kaka a kan haka. Hanyar da ta halatta ita ce ta ƙungiyar kanta: ko ka tura wa wani da ke cikin jerin 'yan uwa da abokanka a manhaja, ko ka mayar da kujerar a sayar a ba ka wani kaso. Amma a kula, a wasu wurare ba sa buɗe wannan kasuwar sai tikitinsu ya ƙare, wasu kuma ba tsabar kuɗi suke bayarwa ba, sai dai su ajiye maka a rage a sabuntawar gaba. Idan kuka faɗa filin ya daina cika, wannan ƙofar tana iya rufewa.

Akwai kuma sabon salo na tilasta zuwa. Manchester United, da ta ƙara kashi 5 cikin 100 a tikitin 2025/26, ta ce sai an yi amfani da kujera a wasanni 16 cikin 19, ko kai ka je, ko ka tura wa wani, ko ka mayar. Ka duba ko taku tana da irin wannan sharaɗin kafin ka sa hannu.

Malamin makaranta:

Ni kan biya wata-wata zan yi magana, tunda ba wanda ya taɓo ta. Iri biyu ne, kuma a shafin biya kusan kama ɗaya suke. Akwai wanda ƙungiya ce da kanta take cirewa daga asusunka a 'yan watanni, babu ƙari ko da ɗan kuɗin hidima. Akwai kuma wanda wani kamfanin bashi ne yake biyan ƙungiyar gaba ɗaya, kai kuma ya riƙa bin ka bashi. Wannan na biyun rance ne sosai, ana binciken tarihin bashinka, sau da yawa da kuɗin ruwa, kuma idan ka fasa zuwa kallo a watan Nuwamba bashin bai fasa ba. Ga wanda yake gudun riba, ga kuma wanda yake shirin neman gida ba ya son tabo a tarihinsa, sai a karanta da kyau. Ka nemi jimillar abin da za ka biya a ƙarshe, ka kwatanta da farashin biya lokaci ɗaya. Wani lokaci ƙarin ya cinye rangwamen biya da wuri da kake gudun rasawa.

Idan lokaci ɗaya za ka biya, katin bashi yana da wata kariya a dokar Birtaniya, sashe na 75, ga abin da ya haura fam 100: idan wanda ka saya a wajensa ya kasa cika alkawari, kana iya bin kamfanin katin. Ƙungiyar Firimiya da wuya ta rushe, amma an kori Bury, wata ƙungiya ta ƙaramar gasa, daga gasarta a Agustan 2019 bayan mutane sun riga sun sayi tikitin kaka. Sai dai ka biya katin duka kafin wa'adi, don kar ruwa ya hau.

Na Jamus:

Ku dai kuna haƙuri a Ingila wallahi. A nan Dortmund filin yana ɗaukar mutum sama da 81,000, tikitin kaka 55,000 ne, kuma na tsaye a bayan raga ma'aikaci yana iya saya ba tare da ya ci bashi ba. Dalili shi ne dokar 50+1, mambobi ne ke da rinjayen ƙuri'a, shugaba ba ya tashi da safe ya ninka farashi. Amma kar in yi muku ƙarya, samun kujerar a nan ma kusan sai gado, don ba mai saki.

Mai zuwa wasan waje:

Na Jamus, ba haƙuri muke yi kullum ba. A Fabrairun 2016 Liverpool ta sanar da tikitin fam 77. Ranar wasansu da Sunderland, a minti na 77, mutane wajen 10,000 suka tashi suka fice daga filinsu na Anfield, Liverpool na ci 2-0, aka tashi 2-2. Cikin 'yan kwanaki masu ƙungiyar suka janye suka ba da haƙuri. A shekarar ce kuma Firimiya ta ƙayyade cewa tikitin magoya bayan ƙungiyar da ta zo baƙunta kar ya wuce fam 30. Magoya bayan Tottenham sun juya wa fili baya a minti na 65 a 2024 saboda taɓa rangwamen tsofaffi. West Ham ta cire rangwamen yara da tsofaffi a wasu sassa, aka yi ta matsa mata har ta mayar.

Abin da nake so ka gane, Malam, su sun san ba za ka koma goyon bayan maƙwabta ba don an ƙara maka kuɗi. Shi ya sa mai tikitin kaka ba shi ne abin lallashi ba yanzu. Baƙon da ya zo sau ɗaya a shekara ya biya tikiti mai tsada, ya sayi riga, ya ci abinci a fili, ya fi ka kawo musu kuɗi a kan kujerar nan. Idan ka saki a fusace kai kaɗai, ka yi musu gwaninta. Ka nemi ƙungiyar magoya bayanku, ƙungiyoyin Firimiya duk suna da kwamitin tuntuɓar magoya baya yanzu. Ku nemi abu takamaimai: a ɗage wa'adi zuwa bayan wasan ƙarshe, ko a rubuta farashi biyu, na Firimiya da na Championship. Wannan buƙata ce da ake iya amsawa da e ko a'a, ba kamar "a rage kuɗi" ba.

Tsohon ɗan kallo:

Duk kun yi magana mai kyau. Ni dai kujerar nake ji masa.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba tarihin shigata kamar yadda Mai lissafi ya ce, zuwan nawa bai kai yadda nake zato ba, amma na yaron kusan cikakke ne, don kawunsa yana raka shi da tikitina idan ina aiki. Na kira ofishin tikiti. Babu ragi idan mun faɗa, biya wata-wata kuma ta kamfanin bashi ne, don haka na ajiye wannan. Amma sun ce ana iya tura tikiti ga wanda ke cikin jerina ba iyaka, kyauta.

Na yi magana da kawun nasa, zai ɗauki kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kujerata, ya riƙa zuwa wasannin dare. Zan biya kafin ƙarshen Afrilu, na kuma cire kaina daga tsarin wasannin kofi. Hajiya Maman samari, na tambayi yaron. Ya ce bana dai yana nan kusa da ni, baɗi a sake tambayarsa. Mai zuwa wasan waje, na aika wa ƙungiyar magoya bayanmu saƙo kan maganar farashi biyu, sun ce ba ni kaɗai na kawo ta ba, za su gabatar a zamansu na wata mai zuwa. Wanda ya san yadda ake mayar da kujerar yaro zuwa wani sashe ba tare da an rasa shekarun da ya tara ba, don Allah ya yi min bayani.