Yaya zan haskaka ɗakin kajina alhali babu wutar lantarki?

Mai kiwo daga gefen Kano:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar kiwo. Ina da kajin ƙwai ashirin a bayan gida, cikin ɗaki mai faɗin mita 3 da tsawon mita 3, an yi masa rufin kwano da taga ɗaya ta raga. Sun fara ƙwai a ƙarshen damina kuma suna yi yadda ake so, amma da hunturu ya shigo sai ƙwan ya ja baya sosai. An ce mini gajartar yini ce ta jawo, cewa sai na ƙara musu haske. Unguwarmu sabuwa ce, ba a kawo mana wuta ba tukuna, kuma ba zan iya kunna janareto saboda kaji ashirin ba. Abin da ke hannuna shi ne fitilar ƙwai ta kananzir da fitilar caji guda biyu. Shin zan iya rataya musu fitilar ƙwan su kwana da ita? Idan kuwa sola ce mafita, wace iri zan saya, kuma awa nawa za ta riƙa ci? Akwai kuma 'yan tsaki da nake shirin ɗaukowa, ina so in san ko fitila ɗaya za ta wadatar da su duka.

Tsohon ma'aikacin gidan gona, Zariya:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da aka faɗa miki yana da tushe. Kaza ba da ido kaɗai take jin haske ba, yana ratsa ƙoƙon kanta har ya isa ƙwaƙwalwa, kuma tsawon yinin da ƙwaƙwalwar ta auna shi ne yake sa jiki ya saki sinadaran da ke motsa mahaifar ƙwai. Kajin gidan gona suna kai ƙololuwar ƙwai ne idan suna samun hasken awa 14 zuwa 16 a rana. A Kano kuwa yini bai taɓa kai wannan tsawo ba: a watan Yuni yana kusan awa 13, a Disamba kuma yakan sauko zuwa kamar awa 11 da rabi. Ke nan giɓin da za ki cike don kai awa 14 bai wuce awa 2 zuwa 3 ba, ba dare ɗungurum ba.

Kwana da fitila kuskure ne babba, kuma na fi son in nanata wannan fiye da komai. Kaza tana buƙatar duhu na aƙalla awa 8 domin ta huta, kuma mafi yawan aikin gina ɓawon ƙwai da daddare jikinta yake yinsa. Kajin da aka hana duhu sukan zama masu firgita da faɗa, su fara figar gashin juna, daga nan su koma tsattsagar duburar wadda ta gama ƙwai har su fasa ta. Da zarar sun ga jini, da wuya su daina.

Shawarata ita ce ki ƙara hasken kafin asuba, ba bayan magariba ba. Idan fitila ta mutu farat ɗaya cikin dare, kajin da ke ƙasa ba sa ganin hanyar hawa sandar kwana, sai su cunkushe a kusurwa ɗaya suna danne juna. Amma idan da asuba aka kunna, hasken fitila yana miƙa su ga hasken rana, da yamma kuma su hau makwancinsu da kansu yayin da gari ke rufawa sannu a hankali. Akwai wata riba ta biyu da za ki gani idan bazara ta zo. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana hana kaji cin abinci da rana, ƙwai ya ragu, ɓawo ya yi laushi; kazar da ta tashi da ƙarfe 4:30 ta cika maƙoshinta cikin sanyin asuba ta riga ta ci rabonta kafin kwano ya ɗau zafi. A ganina wannan ribar ta ma fi ta hunturu girma a ƙasarmu.

Kada kuma ki ƙara awannin a tashi ɗaya. Ki matso da lokacin kunnawa da minti 30 kowane mako har ki kai inda kike so, sannan ki tsaya a nan. Ƙa'idar masu kiwo guda biyu ce: ba a tsawaita wa budurwar kaza yini kafin ta kai makonni 17 zuwa 18, don kada ta fara ƙwai jikinta bai gama ginuwa ba, kuma ba a gajarta wa mai ƙwai yini bayan ta saba.

Ita kuwa fitilar ƙwai, don Allah ki ajiye ta a cikin gida. Ɗaki mai shimfiɗar buntun shinkafa ko ɗusar katako, ga busasshiyar iskar hunturu, ga kaji masu tashi sama idan sun firgita, fuka-fuki ɗaya ya isa ya kifar da ita. Ko ba ta faɗi ba, hayaƙin kananzir a ɗaki mai taga ɗaya yana cutar da numfashinsu.

Mai haɗa sola, Katsina:

Malam ya gama bayanin kaji, ni zan taɓa ɓangaren kaya, Hajiya, domin mutane da yawa suna sayen abin da ya fi ƙarfin buƙatarsu. Hasken da ake nema kaɗan ne ƙwarai. Idan kika tsuguna daidai tsayin kan kaza kusa da mazubin abinci kika iya karanta rubutun jarida, to ya isa. Ga ɗaki irin naki, ƙwan LED guda ɗaya mai wat 3 zuwa 5, mai aiki da bolt 12, a rataye shi a tsakiya kamar mita 2 daga ƙasa, zai yi. Ki nemi mai haske ruwan ɗorawa, kada ki ɗauki fari fat mai shuɗi-shuɗi, saboda hasken da ya karkata zuwa ja shi ya fi ratsa kan kaza.

Ga lissafin. Ƙwan LED mai wat 3 da ya yi awa 3 da rabi ya ci kimanin wat-awa 10, wato wat sau awa. Ƙaramin batir mai bolt 12 da 7Ah yana ɗauke da wat-awa 84, kuma da yake irin wannan batir ba ya son a zuƙe fiye da rabinsa, abin amfaninki 42 ne, wato kwana huɗu ko da rana ba ta fito ba. Faifan sola mai wat 10 zai cika shi, amma na fi ba da shawarar mai wat 20 saboda hazo. A kafa faifan ya fuskanci kudu, a ɗan kishingiɗa shi, a inda inuwar katanga ko darbejiya ba ta faɗa masa. A lokacin hunturu ki riƙa sa yaro ya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe, domin ƙurar da ke kwanciya a kansa cikin 'yan kwanaki tana rage cajin ƙwarai.

Tsakanin faifan da batir dole a sa kwantirola, ita ce ke hana batir cika fiye da kima ko zuƙewa har ya mutu. Sai kuma taima mai bolt 12 wadda za ta kunna ta kashe da kanta. Wannan taimar ta fi fitilar caji da kike da ita daraja, domin fitilar caji sai mutum ya tashi ya kai ta, kuma ranar da aka makara ko aka yi tafiya, kajin sun ga yininsu ya gajarce da awa biyu. Batir da kwantirola a sa su cikin akwati a wajen ɗakin, a inuwa, waya kuma a zura ta cikin bututun roba saboda ɓera, a kuma sa fis kusa da batir.

A nan ne zan ɗan saɓa wa Malam. Faɗuwar rana a Kano tana motsawa daga kusan 6:05 a Disamba zuwa kusan 6:50 a Yuni, saboda haka idan da asuba kaɗai ake kunnawa a tsayayyen lokaci, bayan Yuni yinin kajin zai riƙa raguwa, abin da shi kansa ya hana. Ko dai a riƙa gyara taimar kowane wata, ko kuma a tsayar da iyaka biyu, 4:30 na asuba da 7:00 na yamma, wato awa 14 da rabi duk shekara. Matsalar duhun farat ɗaya ana magance ta da ƙaramin ƙwan LED na biyu mai wat 1 da zai ƙara minti 15 bayan babban ya mutu.

Fitilun sola na katanga masu kamawa idan abu ya gifta ba su dace ba ko kaɗan, domin duk motsin kaza cikin dare sai sun haska. Haka ma masu kamawa da magariba su kai har asuba.

Mai kiwo daga Maraɗi:

'Yar'uwa, duk abin da aka faɗa daidai ne, sai dai ina tsoron ki kashe kuɗi a kan sola alhali wani abu ne yake rage miki ƙwan. Bambancin yini a wajenmu bai kai na ƙasashen Turai ba, inda yinin hunturu yakan koma awa 8, saboda haka faɗuwar ƙwai mai yawa ba kasafai haske kaɗai yake jawo ta ba. Ki fara duba abinci: kazar ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, kuma da sanyi tana neman ƙari, idan ana haɗa mata abincin da dusa don ya auku, ƙwai ne yake biyan bashin. Ki duba ruwa, ki duba ƙarƙashin fuka-fuki ko akwai ƙwarƙwata, ki kuma tabbatar an maimaita musu rigakafin cutar Newcastle, domin hunturu ne lokacinta kuma raguwar ƙwai tana cikin alamominta na farko.

Sannan ɗaki mai taga ɗaya duhu gare shi ko da tsakar rana, musamman idan kin rufe tagar da buhu saboda iska. Ki buɗe wata tagar ragar, ki shafe bangon ciki da farar ƙasa, ki riƙa ɗage buhun da zarar rana ta fito. Wannan kaɗai yana ƙara musu haske safe da yamma ba tare da batir ba. Ban san irin kajinki ba, amma idan Shika Brown ne, waɗanda cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta samar, ko ISA Brown, za su amsa ƙarin haske. Kajin Hausa kuwa da sun tara ƙwai goma sha wani abu sai kwanci, fitila ba za ta sauya musu hali ba.

Mai kiwo daga gefen Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. ISA Brown ne, kuma lallai tagar a rufe take da buhu tun farkon sanyi, zan fara da wannan da kuma abincin. Saura batun 'yan tsakin.

Tsohon ma'aikacin gidan gona, Zariya:

'Yan tsaki ɗumi suke nema kafin haske, Hajiya, kuma ƙwan LED ba ya ba da ɗumi. A makon farko suna buƙatar zafin digiri 32 zuwa 35 a daidai inda suke kwance, a riƙa rage kamar digiri 3 kowane mako har gashinsu ya fito. Inda babu wuta, kaskon gawayi ake amfani da shi: a hura a waje sai ya daina hayaƙi ya zama garwashi, a ɗora shi kan bulo, a kewaye shi da raga, a kuma bar kafar iska a sama, domin iskar gawayi a rufaffen ɗaki tana kashe tsaki har da mutum. Su da kansu za su nuna miki: idan sun taru a jikin kaskon suna kuka sanyi suke ji, idan sun guje shi suna haki zafi ya yi yawa. A kwana biyu ko uku na farko a ba su haske kusan dare duka don su gane ruwa da abinci, kuma a nan fitilun cajinki biyu za su yi aiki, ɗaya tana ci ɗaya tana caji. Daga nan a riƙa rage hasken har su koma na rana kaɗai. Wurinsu ya zama dabam da na manyan, saboda cuta da kuma saboda tsarin haskensu ba ɗaya ba ne. Game da gyaran da mai sola ya yi mini, na karɓa. Idan taimarki tana ɗaukar saiti biyu, ki bi nasa.