Hip hop da Hausa: gambara ce ko mu sake lale?

Jama'a ina neman agaji, musamman malaman Hausa da 'yan jaridar da ke bibiyata. Kalma ɗaya ce ta hana mu buga fosta yau kwana uku.

Autanmu da abokansa su shida suna rap, wato waƙar nan ta jero magana akan kiɗa, in sun haɗa kuɗi su je wani ɗan sitidiyo a Zoo Road, in ba su haɗa ba su ɗauka a waya a soron gidanmu. To sun shirya wani zama a filin unguwa nan Dorayi ranar Asabar bayan la'asar, kuma wlh waƙoƙin ba na soyayya ba ne, akan kwatar nan ce da ta toshe duk damina sai ta shiga gidajen mutane, da ƙwacen waya, da faɗan daba, da yaran da sun cika 18 amma ko zancen katin zaɓe ba sa yi. Suka rubuto takarda da turanci wai hip hop for civic advocacy and youth empowerment, suka ce Yaya mayar mana Hausa za mu kai wa mai unguwa sannan a buga fosta. Nace ai wannan aikin minti biyar ne. Hmm.

Karon farko na bar hip hop ɗin yadda yake. Mai unguwa ya sa tabarau ya karanta har ƙasa ya ɗago yace, wannan hibob ɗin ƙungiya ce ko mutum ne? Nace ranka ya daɗe waƙa ce. Yace to me ya hana ku rubuta waƙa. Na dawo gida na sa gambarar zamani, tunda haka nake gani kafafen labarai na Hausa suna rubutawa, mawaƙin gambara wane ya yi kaza. Takardar na kan tabarma Hajiya ta gani. Ta kira auta tace, kai yanzu duk karatun da aka kashe maka kuɗi ɗan gambara ka zama? A gidan nan? Yaron ya kasa ko haɗiye miyau.

Kuma fa Hajiya ba ta yi ƙarya ba. Duk wanda ya girma yana zuwa kasuwa ya san 'yan gambara, ganga a rataye, wannan ya jefo magana wancan ya cafe, rabi ban dariya rabi batsa, su tsaya a bakin rumfarka su yi ta yi har sai ka ba su wani abu, wani don ya ji daɗi yake bayarwa wani kuma don su matsa gaba kafin surukinsa ya wuce. Wannan hoton ne a kan Hajiya, kuma shi ne a kan duk wani dattijo da zai ga fostar nan a bangon masallaci ko shagon mai shayi.

To ga tambayar: mu riƙe gambara da duk kayanta, ko akwai wata kalmar da ta fi ta?

Na dawo daga isha'i na tarar da amsoshi sun fi ƙarfina, na gode ƙwarai. Bari in bi waɗanda suka tsaya min a rai.

Wanda yace a fassara kai tsaye a ce tsallen ƙugu, Allah ya shirye ka, kana so a kama mu ne kawai.

Waƙar baka ba za ta yi ba, ta yi faɗi, duk makaɗan fada da na noma da na dambe suna cikinta. Waƙar zube ma haka, zube ai shi ne maganar da ba waƙa ba, alhali yaran nan ƙafiya suke bi kamar ransu, wani har cikin layi yake saka ta ba sai ƙarshe ba. Kirarin zamani kam na ɗan tsaya a kanta don akwai gaskiya a ciki, duk mai rap sai ya wasa kansa, ni ne wane ni ne wane, sak ɗan dambe ya shigo fili. Amma kirari ɓangare ɗaya ne, waƙar kwata ba kirari ba ce.

Wata 'yar'uwa da ta karanci Hausa a BUK ta kawo maganar da ta fi kama hankalina, tace muna haɗa abu biyu ne. Rap shi ne furucin, jero magana akan kiɗa. Hip hop kuwa gidan ne gaba ɗaya, da mai juya faifai wato DJ, da mai riƙe makirfo, da masu rawar nan ta juyi a ƙasa, da masu zane a bango. Gaskiyarki Malama. Abin a unguwar Bronx ta birnin New York ya taso, kuma ranar da aka fi kafa wa tarihi ita ce 11 ga Agusta 1973, wata walimar matasa da DJ Kool Herc, ɗan asalin Jamaika, ya yi wa kiɗa a ƙasan benen da suke zaune. Unguwar talakawa ce da hukuma ta juya wa baya. Amma mu faɗi gaskiya, a Kano wa kika gani yana juyi da ka a titi, ko yana fesa fenti a bango in ba sunan ɗan takara ko tallan maganin basir ba? Abin da ya iso mana ya zauna shi ne furucin da kiɗan. Don haka in kalmarmu ta ɗauke wannan ta ɗauke kusan duka.

Kuma da na zauna da yaran ina tambayarsu kalmomin da suke faɗa da turanci a sitidiyo, sai naga kusan babu wadda ba mu da ita tun kafin a haife su. Diss zambo ne. Wanda ake yi ba a kama suna ba habaici ne. In biyu suka tsaya gaba da gaba sa-in-sa ce. Abin da ake maimaitawa amshi, layukan kuma baitoci. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne yaron da ke tsayawa bayan mai waƙa yana ihu yana cika masa ƙarshen magana, nace kai ai sanƙira ne, ya ɓata rai wai shi hype man ne. To wannan sana'ar da ta haɗa zambo da habaici da sa-in-sa da ba'a akan kiɗa a tsakiyar jama'a, ba a fada ba, ba don sarki ba, wace ce in ba gambara ba?

Ni dai nan na tsaya, kuma ku saurare ni kafin ku jefe ni. Abin da ake ƙyamar gambara dominsa, wato rashin kunyar baki, shi ne dai abin da yaran nan suke buƙata. Ɗan gambara na faɗin abin da kowa a kasuwa ya sani amma ba mai iya furtawa, kuma ba a dukansa, don an san aikinsa ne. In aka cire batsar aka bar wannan lasisin, me ya rage? Yaro ɗan shekara 20 da zai iya tsayawa gaban kansila ya ce masa kwatar nan shekara nawa, cikin waƙa, mutane na dariya, kansilan ma dole ya yi yaƙe. A rubuce a takarda ba zai iya ba, za a ce ba shi da tarbiyya.

Ba tatsuniya nake ba. A Senegal a 2011 'yan rap da 'yan jarida ne suka kafa ƙungiyar Y'en a Marre, ma'ana mun gaji, farkon abin ma ɗauke wuta ne ya tunzura su, abin da mu nan muka mayar abin barkwanci. Suka bi unguwa unguwa suna tura matasa yin rajistar zaɓe, a 2012 shugaban ƙasar Abdoulaye Wade ya nemi wa'adi na uku ya sha ƙasa a hannun Macky Sall. A Burkina Faso mai rap Smockey na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Balai Citoyen a 2013, ma'ana tsintsiyar ɗan ƙasa, ƙarshen Oktoban 2014 Blaise Compaoré ya bar mulki bayan shekara 27. Ba na ce waƙa kaɗai ta yi ba, amma ita ta tara yaran. Kuma mu Kanawa bai kamata a ba mu labarin wannan ba, garin da aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, da waƙa aka kai maganar talaka lungunan da jarida ba ta shiga.

Sai dai dole fostar ta raba su da mawaƙan siyasa, waɗanda ake ba mota su wasa wane su zagi wane, gobe in farashi ya canza su juya. Shi ya sa sauran kalmomin biyu ma suka ba ni aiki. Advocacy wasu sun ce wayar da kai, amma wayar da kai daga sama take saukowa, hukuma ce ke wayar wa talaka kai, wannan kuwa daga ƙasa take hawa. Kamun ƙafa a ɓoye ake yi, da ɗan durƙuso. Zanga-zanga in muka rubuta ko filin ba za a ba mu ba. Fafutuka ta yi kusa, amma na fi son neman haƙƙi, kowa ya gane ta har Hajiya.

Empowerment kuwa ku bar ta kawai, 'yan siyasa sun gama da ita. A Kano ka ce empawamen, ko ka ce tallafi, gobe da asuba za ka tarar da layi a ƙofar gida kowa da fotokwafin katinsa yana jiran keken ɗinki ko baro ko injin markaɗe. Yaran nan ko ruwan leda sai sun yi karo-karo. Abin da suke nufi shi ne matashi ya samu bakin magana. Tun 2018 doka ta rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, ta shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, amma tambayi yaran layinku mutum nawa suka sani, ɗaya daga cikin waƙoƙin ma akan wannan take.

Don haka ga abin da zan kai wa mai buga fosta gobe da safe in ba wanda ya kawo hujja mai ƙarfi kafin nan: Gambarar Neman Haƙƙi, matasa ma suna da bakin magana. Na cire zamani ɗin da gangan, komai sai mun liƙa masa zamani kamar muna ba da haƙuri. Mai yi kuma ɗan gambara, mace 'yar gambara, akwai guda ɗaya a cikinsu kuma duk ta fi su baki.

Malamin da yace in sa tsaftatacciyar gambara saboda dattawa, Malam na ji, amma fostar A3 ce kuma kuɗin kala ɗaya muke da shi. Hajiya kuma auta ya rera mata ta kwatar ɗazu a tsakar gida, ba ta ce komai ba sai da ya gama tace ya manta bai sa zancen bolar bayan makaranta ba.

Saura DJ. Nace a rubuta makaɗi, yaron da ke musu DJ ɗin yace wlh in aka rubuta makaɗi ba zai kawo sifikunsa ba, kuma nasa ne kaɗai muke da su.